Katafila a Ƙofar Gida

Tun yana saurayi ake kiransa Direba, alhali abin da ya taɓa sarrafawa a duniya bai wuce baro ba. Ya so ya koyi tuƙin manyan injinan aikin hanya, har an ɗauke shi koyo, sai farfaɗiya ta kayar da shi a gaban shugaban aiki a sati na biyu. Aka sallame shi da ban haƙuri. Ya ƙare a sito na wani kamfanin kayan gini, yana lura da buhunan siminti shekara talatin da ɗoriya.

Abin da ya rage masa na wancan buri shi ne ƙananan injinan ƙarfe da yake tarawa. Ba irin na robar yara ba ne. Suna da nauyi a hannu, ƙofofinsu na buɗewa, sarƙar ƙafafunsu na juyawa. Gireda uku, tifa bakwai, motocin haƙa rami, da katafila goma sha ɗaya, duk a jere a kantar da ya kafa da hannunsa a ɗakin da mahaifiyarsa ta rasu a ciki. Duk Asabar yakan bi su da tsohon buroshin haƙori yana share ƙura.

"Maigida, da ni kake gogewa haka da na koma yarinya," matarsa kan ce daga bakin ƙofa.

"Ke ai ba kya tsatsa," yakan amsa.

Wata safiya suka tarar da jan fenti a bangon gidan. Za a faɗaɗa hanya, kuma layinsu gaba ɗaya ya shiga ciki. Yayarsa, wadda ta dawo gidan da zama bayan rasuwar mijinta, ta yi ta sintiri a ofisoshi har takalminta ya tsinke. Aka ba su wata biyu.

Shi kam Direba bai je ko'ina ba. Ya samo kwalaye a wurin aiki, ya riƙa naɗe injinansa ɗaya bayan ɗaya da tsofaffin jaridu. Wannan ya ƙona wa Yaya rai.

"Auta, gidan ubanmu za a rushe, kai kana nan kana wa kayan wasa gata?"

"To Yaya, me zan yi?"

"Ka yi fushi mana! Ko fushin ma sai na yi maka?"

Ranar rusau suna cikin loda kaya aka sauke katafilar a bakin layi. Ko bai duba ba ya san irinta, daga ƙarar kaɗai. Yana da 'yar ƙaramarta, har launi ɗaya. Matuƙin, wani magidanci mai furfura a gemu, ya ga ba su gama ba, sai ya kashe injin ya sauko ya kama musu gado da katifa. Da ya ɗaga wani kwali gindin ya ɓalle, gireda ta faɗo ƙasa. Ya ɗauka, ya juya ta a tafin hannu, ya taɓa wuƙarta ta motsa.

"Ikon Allah. Baba, ka yi aikin ne?"

"Kwana tara," in ji Direba. Ya ba shi labari a taƙaice.

Matuƙin ya miƙa masa giredar. Can ya ce, "Zo ka hau. A kashe take, ba abin da zai faru."

Direba ya waiga. Matarsa ta sunkuyar da kai, Yaya kuwa ta zuba masa ido ko ƙiftawa babu. Ya san bai kamata ba. Ya hau.

Kujerar da ɗumi, wurin yana warin man inji da gumi. Ya ɗora hannu a kan sandunan, kowanne yana daidai inda ya san zai same shi. Daɗi ya kama shi har cikin ƙashi, irin wanda ya manta akwai shi. Sai ya ɗaga kai. Daga can sama ana ganin tsakar gidan gaba ɗaya ta saman katanga: igiyar shanya da suka manta ba su kwance ba, da tagar ɗakin mahaifiyarsa a buɗe. Ya janye hannunsa daga sandunan. Ya sauko da baya a hankali, matuƙin na tallafe da shi.

"Na gode," ya ce.

"Ka yafe ni, Baba. Aiki ne."

"Na sani."

Ba a kai rabin sa'a ba gidan ya zama tsibin ƙasa.

Yaya ta koma wurin 'yarta a wani gari, ba ta yi masa sallama ba. In ya kira ta a waya sai 'yar ta ɗauka ta ce tana hutawa. Shi da matarsa suka kama ɗaki ɗaya a bayan kasuwa.

Bayan shekara guda, da aka buɗe hanyar, suka je gani su biyu. Kwalta shimfiɗe, motoci na wucewa a guje. Ya nuna wani wuri kusa da turken fitila ya ce nan ne ƙofarsu. Ta ce a'a, sai an ƙara gaba, wajen magudanar ruwa. Suka yi ta musu a hankali, kowa na neman shaida, ba bishiya, ba dutse. Daga ƙarshe ta ce ƙafarta ta gaji, suka tsallaka suka nemi abin hawa.