Tambayar da Yaya Ta Haɗiye

Almakashin Inna baƙi ne, mai nauyi, an naɗe mariƙinsa da ƙyalle don kada ya yi wa hannu kanta, kuma tun Yaya tana rarrafe a ƙarƙashin teburin yanka take jin ƙararsa a bisa kanta. A shagon ɗinkin nan nasu kowa yana iya hawa keke, kowa yana iya guga, amma wadda ke riƙe da almakashin nan ita ce mai shago. To idon Inna ya fara hazo, hannunta ya fara rawa, ta koma kujerar bakin taga tana ɗinka maɓalli da lalube. Wata rana ta ce kafin shekara ta fita za ta danƙa almakashin ga ɗaya daga cikin 'ya'yanta biyu, amma ba ta ce wacce ba. Da ta san wutar da maganar nan ta kunna a zuciyar babbar 'yarta, da ta bar ta a cikinta.

Yaya ce babba, ta kuma daɗe a shagon kafin a haifi Auta. Sai dai Allah ya yi ta da tambaya. In mace ta kawo yadi, tef yana wuyan Yaya amma ba za ta taɓa shi ba sai ta ji ko an wanke yadin, ko a zaune za a yini da rigar ko a tsaye, ko da takalmi mai tsini za a sa ta. Mai gyaran takalmin da ke maƙwabtaka da su ya laƙaba mata Lauya, sunan kuwa ya bi ta. Auta kuwa Walƙiya yake ce mata. Ita kallo ɗaya take yi wa mace daga sama zuwa ƙasa, ta shimfiɗa yadi, ta ja alli sau biyu, kafin ka ce kwabo hannun riga ya faɗo. In an yi magana sai ta yi dariya ta ce ido ba mudu ba ne amma ya san ƙima. Tun da hannun Inna ya ƙi, ita ake ara wa almakashin, da sunan kafin a yanke shawara.

Abin da ke cin Yaya shi ne, babu wadda ta taɓa fita daga shagon tana cewa, kai, matar nan ta iya tambaya. Hannun Auta ake yabo. Mata su sa riga su juya a gaban madubi, su rungume Auta, ita kuwa Yaya tana durƙushe da allura a baki tana daidaita musu ƙasan rigar, sai dai a ce mata ta matsa ta tare haske. Tana son ƙanwarta, ita ta goye ta, ita ta koya mata zura zare a allura. Amma ƙyashi ba ya tambayar wa ka goya. Ko dariyar Auta ta ji daga bayan labule sai ta ji kamar da ita ake.

Ta taɓa gwadawa a ɓoye, ranar da Auta ta tafi sayen zare. Ta ajiye tef, ta ƙura wa wani tsohon ƙyalle ido yadda ta ga Auta tana yi, ta danna almakashi. Abin da ya fito, hannu ɗaya na yaro, ɗaya na ɗan dambe. Ta mayar da shi rigar matashin kai, ba ta gaya wa kowa ba.

Ana cikin haka wata dattijuwa ta shigo da hantsi, tsohuwar malamar makaranta ce da ta yi ritaya, kowa Malama yake ce mata. Yaya ta tashi da tef a wuya ta yi mata sannu da zuwa. Malama ta amsa tana leƙen bayanta.

"Ina mai hannun nan? Ita aka ce in kawo wa." Sai ta yi murmushi, ba da nufin komai ba. "Ke an ce in mutum bai yi hankali ba sai kin tambaye shi sunan kakansa."

Auta ta tuntsire da dariya, har Inna ta murmusa a bakin taga. Yaya ma ta yi dariyar, irin wadda ake yi da haƙora kawai.

Malama ta zauna ta buɗe jakarta, ta fito da yadi shuɗi mai laushi, a naɗe cikin takarda. Ta ce maigidanta ne ya saya, Allah ya jiƙansa, ranar da 'yarsu ta sami gurbi a jami'a, ya ce a ajiye sai ranar da za ta karɓi shaidar gamawa. Shi bai ga ranar ba. Yarinyar tana wani gari da mijinta, ba za ta iso ba sai dab da taron, don haka ga tsohuwar rigarta, a ɗinka daidai da ita.

Tana zaro rigar, ƙanshin kafur ya cika shagon. Yaya ta ga karin ninki ya kwanta a jikin rigar har ya yi fari, alamar ta daɗe a ƙasan akwati. Da Malama ta sunkuya za ta rufe jakar, Yaya ta hango ƙullin zaren saƙa a ciki, da wata 'yar safa da ba a gama ba, ba ta fi babban yatsa ba. Tambayar ta taso mata da kanta kamar atishawa: yaushe rabon yarinyar da rigar nan? Ta san irin su Malama, masu kawaici, ba za su buɗe baki su ce 'yarsu tana da juna biyu ba sai an zagayo da su a hankali. Zagayowar nan kuwa ita ce sana'ar Yaya.

Sai ta tuna: sunan kakansa, in ji Malama. To, ga mai hannu nan, ga ido mai sanin ƙima. Yaya ta haɗiye tambayar, ta ji saukarta a ƙirji, ta juya ta ɗauki dutsen guga.

Auta ta shimfiɗa yadin, ta ɗora tsohuwar rigar a kai, ta ja alli. Ta ɗaga almakashin Inna, sai ta tsaya ta waiwayo ta dubi Yaya. Yaya ta ga kallon, ta ce a ranta, ki kalle ni da kyau, yau babu Lauya. Ta ci gaba da goge wata riga da ta riga ta gogu. Almakashi ya shiga yadin. Da yamma, da ta zo shara, hannunta ya tsince ragowar shuɗin ƙyallen daga ƙasa, ya ninke ya sa a leda ya rataye, kamar yadda yake yi wa ragowar kowane yadi. Ba ta ma san ta yi ba.

Rigar ta fito, kyau kam ba a magana. Aka rataye ta a bakin ƙofa, mata masu wucewa suna tsayawa, har mai gyaran takalmi ya leƙo ya ce Walƙiya ta gama da su. Yaya tana jin su. Wani lokaci ta ji daɗi mai ɗaci, ta ce ku yi ta yabo, akwai ranar ƙin dillanci. Wani lokaci kuma ta ce wataƙila safar ta jikan maƙwabta ce. Ta roƙi Allah ya sa hakan ne, ta kuma san wani ɓangare na zuciyarta bai ce amin ba.

Ana gobe taron Malama ta dawo da 'yarta. Cikin ne ya fara shigowa shagon kafin yarinyar. Auta tana kan keke, ƙafarta ta tsaya cak. Yarinyar ta karɓi rigar ta shiga bayan labule, don kunya kawai, aka ji tana ta kokawa da zif. Da ta fito da kayanta na ɗazu, rigar tana rungume a ƙirjinta, idonta ya yi ja.

Da Malama ta yi faɗa da ya fi sauƙi. Sai ta karɓi rigar ta shafa yadin da tafin hannu, ta ce, "Laifina ne. Ni ce ban faɗa ba." Ta dubi 'yarta. "Babanta da ya ce shuɗi ne zai karɓe ta."

Auta ta tashi ta ɗauki almakashin, ta zo ta ajiye shi a gaban Yaya da hannu biyu. "Riƙe, Yaya. Inna, a ba ta, ita ta dace. Ni ban san komai ba sai sauri." Ta wuce ɗakin baya inda suke ajiye kaya, ta ja ƙofa.

Ga shi nan a gabanta, abin da ta yi shekaru tana kallo ta wutsiyar ido. Yaya ta ɗauka, ta ji ya fi yadda take tsammani nauyi.

Inna ba ta ɗago daga maɓallin da take ɗinkawa ba. Ta ce, "Ranar nan na ji kafur."

Yaya ta juyo ta dube ta.

"Na ji kafur, na ce yanzu Lauya za ta tashi. Na kasa kunne. Da ban ji ki ba sai na ce, to, ta duba ta gamsu, ni da ba na gani me zan ce?" Ta ciji zare. "Ita ma 'yar'uwar taki, kin taɓa ganin ta sa almakashi a yadi ba ta waiwaye ki ba? Shirunki take jira. In kin yi shiru, hanya ta yi kyau ke nan."

Yaya ta tuna kallon nan. Ta tuna shi a kan yadin Malama, sai kuma ta tuna shi a kan yadi bayan yadi, shekara da shekaru, kallon da take ɗauka na nuna isa ne. Kunya ta rufe ta har tafin ƙafa. Ashe duk saurin da ake yaba wa Auta, a kan tambayoyinta yake tafiya, ita kuwa ta janye su rana ɗaya don ta ga faɗuwar ƙanwarta.

Ta miƙa hannu ta sauko da ledar nan daga jikin ƙusa. Ta zaunar da yarinyar, ta zare tef daga wuya, bakinta ya buɗe da kansa. A zaune za a yini ko za a yi ta hawa da sauka? Akwai babbar rigar taron da za a ɗora a kai? Zafi yana damunta? Ta fi so ya sake daga ƙirji ko daga ƙasa? Malama ba ta ƙara zancen kaka ba, ita ke riga 'yarta amsawa. Kafin a jima Yaya ta san ainihin abin da ake bukata: a farke gefe biyu, a sa ƙari mai buɗewa daga ƙarƙashin hannu zuwa ƙasa.

Ta shimfiɗa ragowar a kan tebur. Guntaye ne, wani mai kusurwa uku, wani kamar harshe. Ta auna, ta juya su, ta sake aunawa. Tef ya ce ba za su isa ba, saura kamar faɗin yatsu uku. Ta buɗe almakashin ta kai bakinsa jikin ƙyallen, sai ta ji wata tambayar, ta rufe, ta sake aunawa. In ta ɓata wannan babu wani. Gumi ya jiƙa ƙyallen mariƙin. Ta san ko za a ba ta har gobe, a nan za a same ta tana aunawa, kuma ba tsoro kaɗai ba ne, haka Allah ya yi ta.

"Auta," ta kira. Ta matsa bakin ƙofar. "Auta, don Allah fito."

Auta ta fito da kumburarren ido. Yaya ta gaya mata abin da ake so, inci nawa, daga ina zuwa ina, ta miƙa mata almakashin ta wajen mariƙi. Auta ta tsaya a kan guntayen kamar ba kallonsu take ba. Sai ta ɗauki mai kusurwa ukun ta karkata shi, ta kifa ɗayan a kansa kai da ƙafa, yatsu ukun nan suka fito daga inda tef bai taɓa nema ba. Ta ɗaga almakashi, ta waiwayo.

"Yanka," in ji Yaya.

Kafin la'asar yarinyar tana gaban madubi, shuɗin ya zubo mata kamar da haka aka tsara tun farko. Malama ta share ido da gefen mayafi, ta kama hannun Auta ta riƙe. "Kai, yarinyar nan, Allah ya yi miki hannu!" Yaya tana durƙushe da allura a baki tana daidaita ƙasan rigar, ta ji ƙyashin nan ya motsa a ƙirjinta, yana nan daram inda ta bar shi. Wannan karon dai ta gane shi, ta bar shi ya gama motsinsa.

Da suka tafi, Inna ta ce a rataye almakashin a ƙusarsa, ba ta ce na wacce ne ba, ta lallaba ta fita alwala. Yaya ta ɗauki tsintsiya. Auta tana naɗe zare a bakin keke, ba ta ɗago ba.

"Yaya."

"Na'am."

"Ranar nan kin tsince ragowar kin ajiye. Ke da kike ajiye ragowa ko ranki a ɓace." Ta ci gaba da naɗe zaren a hankali. "Me ya hana ki tambaya?"

Yaya ta buɗe baki. Babu hassada a muryar Auta, babu zargi, so take kawai a ba ta wani dalili ta riƙe. Yaya ta nemi dalilin a ko'ina, ba ta sami wanda za ta iya faɗa wa yarinyar da ta goya ba. Auta ta jira, ta jira, sannan ta ɗago ta dube ta, kuma wannan shirun ma ta karanta shi daidai. Ta ajiye zaren, ta ɗauki mayafinta, ta ce sai da safe.