Ƙarfe Ya Miƙe, Ƙafa Ta Ƙi

Motar shiga daji ta faɗa rami, direbanta ya karye a ƙafa. A gareji bakanike ya ga tayar baya ta karkace. Ya ja igiya ya auna, ya ce ƙarfen da ke riƙe da tayoyin ne ya lanƙwashe. Ya gasa shi da wuta, ya danna da jak har ya miƙe.

Ran gwajin motar direban ya zo yana dogara sanda, ya gaishe da mai motar, yayansa.

"Yaya, na warke. Ina makullin?"

Yayan ya dubi ƙafar da ta ɗoru a karkace, ya yi dariya. "Bakanike, ko za ka gasa mana wannan ma?"

Yayan ya miƙa makullin ga wani sabon direba da ya ɗauka. Ƙanen ya matsa gefe, mota ta wuce.