Kainuwar Cikin Jarka

Shekara shida Yahuza ɗan ga-ruwa yana tura kurarsa a hawan Mpape, kuma ko sau ɗaya bai taɓa sa wa jarkokinsa sabulu ba. Ba ƙazanta ba ce. Matan unguwa ne ke cewa ruwan na warin omo, shi kuwa ba ya son ƙorafi. Ɗauraya kawai yake yi ya sake cikawa.

Da gudawa ta kashe Kindness, 'yar Abednego mai fasa dutse, a kwana biyu tak, sai Yahuza ya kasa cin abinci. Ruwansa gidan ke sha. Ya ɗauki jarka ɗaya ya tafi unguwar Dutse Alhaji wurin Janet, wata mai sayen ruwansa da ke aikin gwajin jini a can. So yake ta wanke shi daga zargi, ba wani abu ba.

Janet ta kankaro wani santsi kore da ke gindin jarkar, ta ɗiga a gilashi, ta tura ƙarƙashin madubin likita mai ƙara wa ƙananan abubuwa girma.

"Zo ka duba da kanka, Malam."

Ya kanne ido ya leƙa. Wani abu ne kamar majina, ba kai ba baki, yana jan jiki. Ya miƙo gefensa ya kewaye wasu 'yan ɗigo-ɗigo, ya rufe su a cikinsa. Kusa da shi wani ya tsuke a tsakiya, ya yi ta tsukewa har ya rabu biyu, kowanne ya kama gabansa.

"Haihuwa ke nan," in ji Janet. "Babu mace babu namiji. Ya ƙoshi, ya rabe. Amma ba shi ne tsorona ba, ƙananan da yake ci ne. Su ma haka suke rabewa, wasu kafin rabin awa. A irinsu akwai masu kawo gudawa."

"Su suka kashe yarinyar?"

"Ba zan iya rantsuwa ba. Amma ni ba zan ƙara shan ruwan nan ba."

Tsoro ya kama shi. Ya dafa tebur.

"Madam, yau da safe na kai jarka goma gidan makokin, kyauta, don masu zuwa gaisuwa. Ƙannen yarinyar biyu ma na gani suna sha."