Wanda Ke Shan Wutar Batirin Baba Direba

"Wani ne ke shan wutar batirin nan," in ji Baba Direba. Da bonet ɗin motarsa yake magana, amma ni yake kallo.

Maƙwabcina ne, katanga ɗaya ta raba mu. Shekara talatin ya yi yana jan motar haya, kuma abin da ya fita da shi tsohuwar farar mota ce da ke kwana a rumfa, daf da tagata. A makon nan sau uku ya murɗa makulli, ta ce ƙyas ta yi shiru.

"Baba, me zan yi da wutar batirinka?"

"Ku 'yan jarida ai ba a sanin cikinku. Wa ya sani ko waya ka zuro ta taga."

Mai Batir, wanda aka kira ya duba, ya tuntsire da dariya. Baba ya juya kansa.

"Kai kuma kana dariya? Wancan watan batirina ya kwana a shagonka. Wa ya shaida nawa ka dawo da shi?"

"Haba Baba, ga alamar da ka yi da ƙusa a gefe."

"Ƙusa ai kowa na da ita."

Mai Batir ya girgiza kai, ya sauko da na'ura biyu daga bayan babur, ya jera a kan benci. Ɗaya baƙar akwati mai nauyi, ɗaya ba ta wuce tafin hannu biyu ba.

"Wannan babbar caja ce. Ka jona ta da wutar gida, ta cika batir a hankali, awa takwas. Wannan ƙaramar busta ce. Ba ta cika batir, tayar da mota kawai take yi. Ja a kan ja, baƙi a kan baƙi, ka murɗa, ka kama hanya. Ni dai da ni ne, busta zan ɗauka."

Baba ya ɗauki bustar yana juya ta. Na ga ta shiga ransa.

"Malam," in ji Inna, matarsa, daga bakin ƙofa. Ban taɓa jin ta sa baki a zancen mota ba. "Abin da zai tashi matacce cikin ƙiftawar ido, ni ban yarda da shi ba. Ka tambaye shi me ya sa yake tura maka ita."

Shi ke nan. Baba ya ajiye bustar kamar ta ƙona shi.

"Ka ji ko? Ta ƙone min wayoyin mota, in dawo hannunka. Bar min cajar."

Akwai abin da duk layinmu ya sani, ba a dai faɗa a gabansa. Wata biyu kafin nan Baba ya suma a kan sitiyari, motar ta gangara ta tsaya a jikin tarin yashi. Likita ya ce zuciya ce, ya hana shi tuƙi. Baba ya ce likitan bai san giya ta ɗaya ba balle ta biyu.

Da cajar ta shigo gida, sai kwanakin suka koma iri ɗaya. Da safe ya murɗa, shiru. Ya kwance batir da sifana lamba goma, ya kai ɗaki, ya jona. In an ɗauke wuta, a jira. Kafin fitilar cajar ta koma kore rana ta yi sanyi, ƙafafunsa sun kumbura, ya fasa fitar. Ya mayar da batir, ya barbaɗa toka kewaye da motar don ya ga sawun ɓarawo. Sawun da yake gani na kaji ne, da na Inna mai shara.

Ranar Talata, tara da minti goma na safe, Inna ta buga ƙofata da tafin hannu. Na same shi kwance a tsakar gida, sifanar na hannunsa, yana numfashi da ƙyar. Layinmu a ƙarshen gari yake, motar haya ba ta shigowa, kuma duk mai mota ya fita aiki. Na zaro makulli daga aljihunsa, na murɗa. Ƙyas.

"Ba za ta tashi ba," in ji Inna. Ban ma saki makullin ba ta faɗa.

Na kira Mai Batir. Minti ashirin da biyar ya ɗauka. Ya ciro bustar, ya maƙala ja, ya maƙala baƙi, motar ta tashi a murɗa ɗaya.

A kujerar baya Baba ya buɗe ido, kansa a cinyar Inna. Ya saurari injin.

"Wa ya taɓa min mota?"

"Ni ne, Baba."

"Na sani," ya ce. Maganarsa ta ƙarshe ke nan.

A asibiti, sha ɗaya saura kwata, likita ya fito ya faɗa mana Baba ya rasu. Na tambaye shi ko da mun iso rabin awa kafin nan da wani abu ya canza. Na sake tambaya da wasu kalmomin, kamar yadda aikina ya koya min. Bai ce e ba, bai ce a'a ba.

Bayan kwana goma Inna ta ce in nemo mai sayen motar. Mai Batir ya zo ya cika batirin da cajar Baba, awa takwas cif, ya ɗauko shi zai ɗaura. Ni kuma na je duba tayar safaya. Makullin Baba na wurin Mai Batir, sai Inna ta kwance bakin zanenta ta miƙo min wani. Ban san akwai na biyu ba.

Na ɗaga murfin but, a bayan motar. A daidai lokacin Mai Batir ya ɗaure kan batir a gaba, sai wata 'yar fitila ta kama a lungun but ɗin, bayan tayar. Irin mai makunni a jiki ce, wadda rufe murfi ba ya kashe ta. In ta kwana a kunne, sai ta shanye batir. Ƙura ta rufe ko'ina a wurin, ban da makunnin.

Inna na tsaye a gefena.

"Da ƙafarsa nake so ya tsufa," ta ce, ba ta dube ni ba. "Ba a kan titi ba."

"Lafiya dai a bayan nan?" Mai Batir ya ɗaga murya daga ƙarƙashin bonet.

"Lafiya lau," na ce.

Inna ta miƙa hannu cikin lungun. Ba ta lalube ba, ba ta ma sunkuya ba. Fitilar ta mutu, ta bar hannun a wurin.