Damin Geron Dabo

Malam Abdulmumini, limamin ƙauyenmu, ya aika a kira ni ranar Laraba. Ya ce tunda ni na yi jami'a, in rubuta masa sunayen da zai karanta ranar Juma'a bayan saukar Alƙur'ani, da manyan baƙaƙe, don idonsa ya yi rauni. Shekara goma ke nan da tashin bom a babban masallacin Juma'a na Kano, kuma duk kaka mukan taru mu yi wa mutanenmu addu'a.

Mutum uku ne suka tafi daga ƙauyenmu a ranar: Usaini, Muntaka da Dabo. Sun kai wake kasuwar Dawanau, suka ce bari su ƙarasa birni su yi Juma'a. An dawo da gawar biyu. Dabo kuwa an bi asibitoci ɗaya bayan ɗaya, ba a gan shi ba.

"Malam, biyu zan rubuta ko uku?" na tambaya, kaina a sunkuye.

"Wannan ba a bakina take ba, Humaira. Je ki tambayi mahaifiyarsa."

A al'adarmu, duk gidan da aka yi wa rashi kan kawo damin gero guda, a daka gumba, a raba sadaka. Inna Tahira, mahaifiyar Dabo, ba ta taɓa kawowa ba. Takan zo ta taya daka, amma damin farko da aka ɗaure a gonarsa sai ta sa a kai rumbu, wai in ya dawo ya tarar da iri. Saboda ita ne ba a taɓa kiran sunansa ba.

Sau biyu na shiga gidanta ranar Alhamis. Na gaishe ta, na tambayi lafiyar kajinta, na fito. Da na koma, kajin na sake tambaya. Sai na rubuta suna biyu, na bar fili a ƙasa.

Da hantsin Juma'a mata suka cika tsakar gidan liman ana sussuka. Sa'adiyya, matar yayana, ta miƙo mini taɓarya.

"Malama, zo mu ga ko digiri yana daka. Kai, jama'a! Ku dubi yadda ta riƙe ta kamar biro!"

Ana cikin dariya sai taɓare suka tsaya. Inna Tahira ce a bakin ƙofa, da dami a ka.

"Kallona za ku yi ta yi? Ku sauke mini, wuyana ba na ƙarfe ba ne."

Ni da Sa'adiyya muka sauke. Inna ta zauna a kan wani turmi da aka kife, ta yafito ni.

"Ke, 'yar nan, tun yaushe kika damu da kajina?"

Ba ta jira amsata ba, ta ci gaba.

"Shekara goma ana kiran abokansa ana roƙa musu gafara, ni na hana a kira shi. In yana raye, addu'a ba za ta cuce shi ba. In kuwa ya riga mu…" Ta gyara mayafinta. "Ina takardar?"

Na nuna mata filin da na bari a ƙasa. Ta girgiza kai.

"Sa shi a tsakiyarsu. Tare suka tafi."

Na yago sabon shafi, na sake rubutawa a kan gwiwata.

Bayan sallah muka jiyo muryar Malam ta lasifika, yana kiran sunayen a hankali. Da ya zo kan na biyu, Inna ta ce amin ƙasa-ƙasa, hannunta bai daina dunƙula gumba ba. Ta miƙo mini guda.

"Ci, ki ji geron gonarsa."