Zara da Rana Tsaka

Ciwon ido ne ya ɗago Yelwa daga Indabo, ana tsakiyar girbin gero, ya kawo ta Sabon Garin Wudil gidan ɗanta Nu'uman, wanda ke aiki a jami'a. Yanar ido ce ta rufe mata gani, har ta kai mutum sai ya matso kusa take shaida shi. Likita ya ce za a kankare, amma sai hawan jininta ya sauka. Haka ta zauna zaman jira, ita da ba ta saba zama ba.

Wata rana bayan la'asar tana kan tabarma a gindin mangwaro tana ɓarar gyaɗa da lalube, sai ta lura da jikarta Khaulat, yarinya 'yar aji huɗu, tana zagaya tsakar gida da kwamfutar hannu ɗage sama kamar mai tarar ruwan sama da faranti.

"Ke ƙawata, lafiya? Ko sabis ɗin ne ya gudu?"

"A'a Kaka, taurari nake nema."

Yelwa ta yi dariya har da tafa hannu. "Da ranar Allah? To sannu, mai neman dare a cikin tulu."

Khaulat ba ta yi fushi ba. Ta zo ta durƙusa kusa da ita, ta ce wata manhaja ce Abba ya sauke mata, kyauta ake ba da ita don yara su koyi kimiyya. Duk inda ka nuna, sai ta faɗa maka abin da ke sararin wajen. Ta kama hannun kakarta ta ɗora kan abin, suka ɗaga tare.

Gilashin ya yi baƙi wuluk, ga ɗigo-ɗigon haske a warwatse. Khaulat ta sa yatsu biyu ta buɗa, ɗigon suka yi manya, har idon Yelwa ya kama su. Rabonta da ganin tauraro tun kafin idon ya lalace, in ta ɗaga kai sai dai duhu kawai.

"Hoto ne aka ɗauka aka ajiye," in ji ta, don ta kwantar da hankalinta.

"Zane ne, amma na inda suke yanzu-yanzu. Ba sa zuwa ko'ina, Kaka. Hasken rana ne yake danne su."

Yarinyar ta juya abin kudu maso yamma, ga jinjirin wata, ga wani farin ɗigo ƙato a gefensa. Yelwa ba ta jira an karanta mata ba.

"Zara ce! Zara matar wata. Wallahi ita ce, haka take raɓe da shi."

"Nan an rubuta ba tauraruwa ba ce, duniya ce guda, ta kusa kai tamu girma. Wai wani lokaci da yamma ake ganinta, wani lokaci da asuba."

Yelwa ta hau lissafi a ranta. Da asuba kuwa ai Gamzaki ne, wanda tun tana budurwa da shi suke tashi daka. Ashe duk tsawon rayuwarta abu ɗaya take kira da suna biyu? Ta buɗe baki za ta yi musu, sai ta tuna ba ta taɓa ganin su biyun a dare guda ba. Ta ce, "Ikon Allah," a hankali, kamar mai tsoron kada wani ya ji.

Can ta ce, "To in da gaske tana nan, ajiye wannan abin ki nemo ta da idonki. Naki ai lafiyarsa lau."

Khaulat ta koma inuwar katanga yadda ginin zai tare mata rana, domin Abba ya gargaɗe ta kada ta kuskura ta kalle ta. Ta lalubo watan, fari fes kamar yankin farce, ta ƙura wa gefensa ido. Shiru, shiru, har wuyanta ya gaji. Sai kawai ta ƙwalla ƙara.

"Ga ta! Kaka, ga ta can! Umma, fito ki gani!"

Rahinatu, uwar yarinyar, ta fito daga kicin da muciya a hannu, ta ɗauka kunama ce. Aka nuna mata, ta daɗe tana harare-harare, sannan ta dafe ƙirji tana salati. Yaran maƙwabta suka ji ihu suka cika gidan, kowa ya jingina da katanga, hanci a sama. Duk wanda ya hango sai ya daka tsalle.

Yelwa ma ta ɗaga kai. Ba ta ga komai ba sai fari-fari, amma tana jin muryoyinsu ɗaya bayan ɗaya, ta tabbata abin yana can.

Da hayaniya ta lafa ta yafito jikarta. "Taurarin nan, Kaza da 'ya'yanta fa? Nemo min su."

Khaulat ta rubuta sunansu na Turanci da Abba ya koya mata, wata kibiya ta fito. Ta bi ta, tana sauke hannu, tana saukewa, har abin ya fuskanci ƙasa, daidai gefen tabarma wajen gabas. Ga su nan a dunƙule, shuɗi-shuɗi.

"Kin karya abin," in ji Yelwa.

"Ban karya ba. Suna ƙarƙashinmu, ta ɗaya gefen duniya. Sai duniya ta juyo da mu tukuna mu gan su."

Yelwa ta shafa ƙasar da tafin hannu. Ƙasa ce dai, da ɗuminta da tsakuwarta, irin wadda ta yi shuka a cikinta, ta rufe iyayenta a ciki. Ba ta taɓa tunanin akwai wani sama a bayanta ba.

Aka kira magariba. Khaulat ta kawo mata buta, ta miƙa hannu ta tashe ta. Tsohuwar ta taka a hankali zuwa wajen alwala, tana kallon ƙafafunta, bakinta yana motsi da tasbihi.