Reshen da Inno Ta Hana

A shekarar da Turawa suka matsa wa dagatai su kawo mazaje aikin tilas na haƙar kuza, maigidana yana cikin mutum shida da aka ɗiba daga ƙauyenmu, can arewa da Dawanau. Dabo ake ce masa. Yanzu da ƙasa ta rufe masa ido nake iya kama sunan, da yana raye ko da wasa ban taɓa ba. Ya tafi da ƙafarsa, ƙato, mai ɗaukar damin dawa biyu a kai. Bayan wata huɗu aka sauke min shi daga kan jaki kamar buhun ƙaiƙayi. Ƙafafu sun kumbura, dasashi na zubar da jini, haƙora na girgiɗi. In na kai masa tuwo sai ya juya fuska ga bango. Wata mai dubiya har ta ce in yi haƙuri, kamar an riga an yi. Na ce ta kai haƙurinta gaba, nan gidan ba a yi mutuwa ba.

Abin da ya rage min shi ne abin da surukata Inno ta koya min kafin ta rasu. Ita ba ta yarda da bai wa mara lafiya abu mai nauyi ba, cewa take cikin da ya ƙi tuwo ba ya ƙin ruwa. Sai na jiƙa tsamiya a ruwan ɗumi, na murje ta da hannu har ƙwallayen suka fita, na zuba farin garin 'ya'yan kuka da jiƙaƙƙen zoɓo. Na daka ɗanyen zogale a turmi na matse ruwansa a ciki, na ƙara citta da ɗan zuma, sannan na tace da farin ƙyalle. Ranar farko ludayi biyu ya sha. A kwana na bakwai ya shanye ƙoƙo guda, ya ce a jingina shi da bango zai yi salla a zaune. Jinin bakin ya tsaya. Wallahi ranar a bayan ɗaki na ɓuya na yi kukan murna.

To, sai tsamiyar da muka ajiye a tulu ta ƙare, ga bazara ta kankama. Na bi maƙwabta, abin da na samu bai cika tafi ba, shi ma ƙwaro ya gama da shi. Na gwada haɗin ba tsamiya, ya kurɓa ya amayar.

Alhali ga tsamiya can a bayan dangarmu, a bakin gona, bishiyar da maigidan ya gada daga kakansa. Kowace shekara ana karkaɗe ta tas, ban da reshe ɗaya, wanda ya sunkuya a kan wani tsohon suri. Wannan ba a taɓa shi. Inno ta ce na masu wurin ne, tun kafin a sari gonar suke nan, su suka bar mana sauran, mu kuma muka bar musu wannan. Ni kuwa a lokacin jinina na tafasa, gani nake tsoron tsofaffi ne kawai. Ga reshe ya yi nauyi da 'ya'ya har suna taɓa suri, ga mutum kwance yana neman komawa gidan jiya, a ce in zauna ina kallo?

Da rana ta take, lokacin da kowa ya shige inuwa, na ɗauki doguwar gora mai ƙugiya na fita ta ƙofar baya. Na zaɓi lokacin ne don kada a gan ni, na manta cewa shi ne lokacin da ake hana yara zuwa gindin tsamiya. Ko sallama ban yi ba. Na karkaɗe reshen kaf, na cika kwando. Abin da na lura da shi kawai, kurciyoyin da ke kuka a sama sun yi tsit tun daga bugun farko, kuma har na shige gida ba su ci gaba ba.

Ban taɓa ganin tsamiya mai tsoka irin wannan ba. Na haɗa, na tace, na ɗanɗana a bakin murhu, tsami har cikin kunne. Na rufe da faifai na kai ɗaki, taku goma ne bai fi ba. Maigidan ya kurɓa, ya dube ni, ya tambaya ko ruwan randa na kawo masa. Raina ya ɓaci, na karɓa na kurɓa don in ƙaryata shi. Ruwa ne zalla. Ga shi ja wur, ga kauri, amma babu tsami, babu zaƙi, babu yajin citta.

Washegari na sake, na riƙe ƙwaryar a ƙirji ban sauke ba har ɗaki. Haka aka kuma. Na ajiye ta a tsakar gida in gani, ƙudajen da ke damun mu a bazara ko ɗaya bai sauka a kai ba. Kuma kullum rana ta take, sai in ji ana kurɓar abu a bayan danga, a hankali, irin kurɓar wanda ba shi da ƙarfi. In na leƙa ba kowa, sai gona fayau da rana.

Kwana biyar muna haka. Jinin bakin ya dawo, sallar zaune ta gagara. Na karɓo rubutu wurin Malam Muhammadu Sani ya sha, muka ci gaba da addu'a, amma mutum ba ya rayuwa da ruwa. Tsoro ya kama ni sosai, na aika aka kira Goggo Larai, ƙanwar Inno, na faɗa mata gaskiya. Ba ta yi min faɗa ba, da ma ta yi da ya fi min sauƙi. Ta leƙa kwandon, ta fita ta dubi reshen, ta dawo ta zauna.

"Safara'u, 'ya'yan itace ba sa komawa reshe," in ji ta. "Ki haɗa mai kyau, ki kai musu a lokacin da kika ɗauka. Ki yi sallama, kada ki ɗaga kai. Abin da suka ce, ke da su."

Na haɗa da rabin abin da ya rage, na zuba a sabuwar ƙwarya. Ƙasa na ƙona tafin ƙafa, amma ina shiga inuwar bishiyar sai sanyi ya ratsa ni kamar na shiga rijiya. Na yi sallama. Aka amsa min daga sama, cikin rassa, da muryar tsohuwa, a gajiye. Na ɗora ƙwaryar a kan suri, na durƙusa ina kallon ƙasa.

Na ji an jawo ƙwaryar. Na ji muryar tana lallashin wani, kamar yadda nake lallashin nawa, sannan kurɓar nan da na sani ta fara, har da tari a tsakani.

"Ke kaɗai ce mai majinyaci?" in ji muryar.

Na ƙara sunkuyar da kai. Kunya ce ta rufe ni, ta ma fi tsoron yawa. Sai ta ce reshen nan shi ne abincin nata mara lafiyar har wata shekara, na kwashe. Yanzu ɗanɗanon da baki guda zai ji a gidanmu, shi nata majinyacin zai riƙa sha. Da bakin maigidan suka fara, don shi aka kai wa.

Ta ce, "Baki guda ya ishe mu. Nasa ko naki?"

"Nawa," na ce. Ban tsaya tunani ba, kuma har yau ban yi da-na-sani ba.

Ta ce in shanye abin da ya rage. Na laluba na ɗauko ƙwaryar, saura kurɓi ɗaya a gindi. Tsamin, da zumar, da cittar, kowanne na ji shi daban, tun da aka haife ni ban sha abu mai daɗinsa ba. Ina ajiye ƙwaryar kurciyoyi suka ci gaba da kuka, zafin rana ya dawo min a gadon baya.

Na koma gida na jiƙa sauran tsamiyar, na haɗa, na tace. Na ɗanɗana a bakin murhu, ruwa zalla. Gabana ya faɗi, na ce shi ke nan, an yaudare ni. Duk da haka na kai masa, don ba ni da wani abin kaiwa. Na tallafo kansa, ya kurɓa. Sai ya runtse ido, ya yamutsa fuska.

"Kai, Safara'u, yau kam kin cika tsami," in ji shi. "Ƙaro min."

Kafin damina ta sauka ya fita gona da fartanya. Reshen kan suri kuwa, muddin ina gidan ba wanda ya ƙara kai masa gora, yaran da suka gwada sun san zafin hannuna.

Daga ranar nan, zuma da toka ɗaya suke a bakina. Har yau daga ƙauyuka ake aiko min in haɗa wa masu jinya ruwan tsamiya da zoɓo, ana cewa hannuna na da albarka, ni kuwa da ido da ƙamshi nake aunawa. Goggo Larai kaɗai ta sani, ta tafi da shi kabari. Shekara talatin da ɗaya muka ƙara da maigidan, kuma duk abin da na dafa ko na tace, shi nake fara miƙa wa ludayi ya faɗa min ko gishiri ya ji, ko tsami ya isa. Yakan yi dariya ya ce duk garin nan ba wanda matarsa ke girmama shi kamar shi. Har ya koma ga Allah haka ya ɗauka, ni kuma ban gyara masa ba.